Wa Ya Kawo Mai Saye? La'adar Dillali Daga Kasuwar Dawanau Zuwa Kasuwar Intanet

Gabatarwa

Duk wanda ya bar birnin Kano ya ɗauki hanyar Katsina, kafin ya yi nisa zai tarar da jerin manyan motoci a gefen titi, wasu ana sauke musu kaya, wasu kuma ana yi musu lodi. Nan ce Dawanau da ke cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, kasuwar da aka kafa a shekarar 1985, wadda a yau ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo duk nan suke haɗuwa kafin su kama hanyar kudancin Nijeriya ko ƙasashen maƙwabta ko ƙetaren teku.

A cikin wannan kasuwa akwai wani mutum da bai noma ko zangarniya ɗaya ba, bai kuma mallaki ko buhu ɗaya ba, amma da wuya babban ciniki ya faɗa ba tare da shi ba. Wannan mutum shi ne dillali. Jarinsa shi ne sanin kaya da sanin mutane, ribarsa kuwa ita ce la'ada.

A 'yan shekarun nan matasan garuruwa irin su Kwa da Tumfafi da Tattarawa da Marke, har da 'yan makarantar sakandare, suna cin karo a wayoyinsu da wani sabon nau'in wannan tsohuwar sana'a, wato dillancin intanet. Ana ce wa matashi ya tallata hajar wani kamfani a shafinsa na Facebook ko WhatsApp ko TikTok, duk wanda ya saya ta hanyarsa za a ba shi la'ada. Masu tallar sana'ar sukan cika baki a kan yawan kuɗin da ake samu, amma ba kasafai suke bayyana yadda kamfanin da ke Legas ko Amurka yake gane cewa wane ne ya kawo wane ba. A nan kuwa gizo yake saƙa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, la'ada ba ta tabbata sai da shaida, saboda haka bai kamata matashi ya shiga wannan sana'a ba sai ya fahimci irin shaidar da ake kafawa da ita, da wanda yake riƙe da littafin lissafi, da kuma abin da ake ɗauka daga mai saye domin kafa shaidar.

Shaidar Dillali a Kasuwar Gargajiya

Kafin a shiga maganar na'ura, yana da kyau a dubi yadda kasuwa irin ta Dawanau ta warware wannan matsala. Dillali yakan tari baƙo, ya kai shi gaban mai kaya da ƙafarsa. A kwance bakin buhu ko a zura abin ɗiba a fito da samfur, a yi tayi, mai kaya ya yi ta cewa albarka har farashi ya kai inda zai sallama. Duk wannan a bainar jama'a ake yin sa. Maƙwabtan shago sun gani, mai awo ya gani, 'yan dako da suka ɗauki kayan sun gani. Idan gardama ta tashi tsakanin dillalai biyu a kan wanda ya kawo baƙon, sai a je gaban shugabannin kasuwa, a kira waɗanda suka halarta, a yanke hukunci. Haka ma dillaliya da ke yawo gida-gida da atamfa ko kwanuka, matar da ta ba ta kayan ta san ta, wadda ta saya ma ta san ta.

Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, a littafinsa na shekarar 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake cinikin shanu da goro na kuɗi masu yawa, sau da yawa bashi, ta hannun masu gidaje da dillalansu, ba tare da dogaro da kotu ko takardar yarjejeniya ba. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ya rasa kasuwa. Malaman fiƙihu su ma sun san irin wannan ma'amala, sukan tattauna ta a babin ju'ala, wato ladan da ake alkawartawa ga wanda ya kammala wani aiki, bisa sharaɗin a san ladan tun farko.

Wannan tsari yana da aibinsa. Akwai dillalin da ke ɓoye wa mai kaya ainihin kuɗin da aka saya, akwai kuma 'yan kayi-na-yi da ke jeruwa tsakanin manomi da mai saye har farashi ya kumbura. Duk da haka shaidar kasuwa tana da siffofi uku da suka cancanci a riƙe. Na ɗaya, tana nuna wanda ya yi wahalar kawo baƙo. Na biyu, dillali da mai kaya duka suna iya ganin ta, su kuma ƙalubalance ta. Na uku, a bakin kasuwa take ƙarewa, babu mai bin baƙo har gidansa don ya ga me yake ci, da wa yake hulɗa. Da waɗannan ma'aunai uku za a auna hanyoyin zamani.

Yadda Dillanci Ya Shiga Intanet

Ana danganta farkon wannan sana'a ga wani Ba'amurke mai suna William Tobin, wanda ya kafa kamfanin sayar da furanni ta hanyar sadarwar kwamfuta ta Prodigy a shekarar 1989, yana biyan masu hanyar wani kaso na duk cinikin da ya samu. Amma wanda ya yayata ta a duniya shi ne kamfanin Amazon, da ya buɗe tsarin dillalansa a shekarar 1996, inda duk mai shafin intanet zai iya tallata littafi ya karɓi la'ada idan an saya. A Nijeriya kuwa, kamfanonin Jumia da Konga, waɗanda duka aka kafa a shekarar 2012, suna cikin waɗanda suka sanar da jama'a irin wannan tsari.

Sai dai intanet tana da wata ɗabi'a da ta bambanta ta da kasuwa, wato mantuwa. Shafukan kowane kamfani suna ajiye ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira uwar-garke. Idan mutum ya buɗe shafi, manhajar da yake lilo da ita, wadda ake kira burauza, takan aika da buƙata, uwar-garke ta aiko da shafin, shi ke nan magana ta ƙare. Idan ya buɗe shafi na biyu, a ƙa'idar asali uwar-garke ba ta san cewa shi ne ya zo ɗazu ba. Misalinta kamar mai shagon da duk sanda abokin ciniki ya juya baya sai ya manta fuskarsa. Duk hanyoyin bin sawun ciniki an ƙirƙiro su ne domin maganin wannan mantuwa.

Hanyoyin Bin Sawu

Hanya ta farko ita ce mahaɗi mai lamba. Idan dillali ya yi rajista, kamfani yakan ba shi lamba tasa ta kansa, a liƙa ta kamar wutsiya a ƙarshen adireshin shafin hajar. Duk wanda ya latsa wannan mahaɗi, lambar takan isa wurin uwar-garke tare da shi, sai a rubuta cewa baƙon wane ne. Wannan ita ce tushen sauran hanyoyin, amma ita kaɗai ba ta wadatarwa, domin mutane da yawa ba sa saye a zuwan farko.

Hanya ta biyu ita ce kuki. Wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1994. Kuki wani ɗan guntun rubutu ne da uwar-garke ke ba burauza ta ajiye a cikin wayar mutum ko kwamfutarsa, duk sanda ya koma shafin sai burauza ta miƙa shi. Ya yi kama da alamar fenti da ɗan kasuwa ke yi wa buhunansa don a gane su a tasha, illa dai a nan jikin na'urar mai saye ake yi wa alamar. A cikin kuki ake ajiye lambar dillali, kuma yana da wa'adi. A tsarin Amazon, alal misali, sai mai saye ya zaɓi hajar cikin sa'o'i 24 da latsa mahaɗi kafin dillali ya sami la'ada. Wasu kamfanonin sukan ba da mako guda, wasu wata guda ko fiye. Kuki iri biyu ne: akwai na mai gida, wanda shafin da mutum ya shiga yake ajiyewa, akwai kuma na baƙo, wanda wani kamfani na daban yake ajiyewa ta bayan fage, kuma da shi ake iya bin mutum daga wannan shafi zuwa wancan.

Hanya ta uku ita ce ɗigon hoto. Bayan mutum ya biya kuɗi, akan nuna masa shafin godiya. A cikin wannan shafi akan saka wani hoto ƙanƙane, wanda girmansa bai wuce ɗigo ɗaya ba, ido ba ya ganin sa, ko kuma wani ɗan umarni na kwamfuta. Yayin da burauza ta je ɗauko hoton daga wurin kamfanin da ke riƙe da lissafin dillalai, sai ta tafi da labarin cewa an yi ciniki na kuɗi kaza, ga kuma lambar dillalin da ke cikin kuki.

Hanya ta huɗu ita ce saƙo daga uwar-garke zuwa uwar-garke. A nan kowace latsawa akan ba ta lambarta, mai kaya ya ajiye lambar a cikin nasa rumbun tare da odar mai saye. Idan ciniki ya kammala, sai kwamfutar mai kaya ta aika wa kwamfutar masu lissafi labari kai tsaye, ba tare da an bi ta wayar mai saye ba. Wannan hanya ta fi ɗigon hoto ƙarko, shi ya sa kamfanoni da yawa suka koma gare ta.

Hanya ta biyar ita ce lambar rangwame. Akan ba dillali wata kalma ko lamba, ya faɗa wa jama'a cewa duk wanda ya rubuta ta wajen biya za a rage masa kuɗi. Da rubuta ta, an san wanda ya turo shi. Ita wannan ba ruwanta da kuki ko burauza, ana iya faɗin ta a rediyo, a majalisa, ko a rubuta ta a jikin takarda.

Hanya ta shida ita ce ɗaukar kamannin na'ura. Akan tattara ƙananan bayanai, kamar nau'in waya da girman fuskarta da harshen da aka saita ta da shi da adireshin layin da ta hau, a harhaɗa su har su zama tamkar zanen yatsa. Da wannan ana iya gane waya ko da mai ita ya goge kuki. Hanya ce mai dogaro da kirdado, tana iya kuskure, kuma mai saye ba shi da wata hanya mai sauƙi ta sanin ana yi, balle ya hana.

Inda Sawu Ke Ɓacewa

Waɗanda suka ƙirƙiro kuki sun yi shi ne da tunanin mutum ɗaya mai na'ura ɗaya da katin banki a aljihu, wanda zai ga talla ya saya nan take. Ciniki a karkarar Kano ba haka yake tafiya ba. A ɗauka cewa wani ɗalibi a garin Dawakin Tofa ya tallata fitila mai aiki da hasken rana a WhatsApp. Kawunsa ya gani, ya latsa, ya duba, abin ya ba shi sha'awa. Amma manomi ba ya saye sai da kaka, don haka sai da ya kai riɗinsa Dawanau bayan makonni shida sannan kuɗi suka zo hannu. Wa'adin kuki ya daɗe da cika. Bugu da ƙari, da ya tashi saye bai yarda da kansa wajen cike fom ba, sai ya tafi wurin yaron da ke da shagon cajin waya, shi ya yi masa oda da tasa wayar. Ɗalibi ya yi aikin dillali cikakke, amma a littafin kamfani babu sunansa.

Akwai sauran ramuka. Mahaɗin da aka latsa a cikin Facebook sau da yawa a cikin wata 'yar burauza ta manhajar yake buɗewa, idan mutum ya koma ya saya ta wata burauza ko ta manhajar kamfanin, sawu yana iya yankewa. Waya ɗaya takan yi wa gida guda aiki. Wanda ya ce zai biya idan an kawo kaya yana iya fasawa, a soke la'adar bayan an riga an nuna wa dillali ita. Sannan kamfanonin burauza da kansu sun daɗe suna rage wa kuki ƙarfi domin kare sirrin jama'a. Apple ya soma taƙaita shi a burauzar Safari a shekarar 2017, ya toshe kuki na baƙo gaba ɗaya a 2020. Firefox ya soma toshe kukin masu bin sawu kai tsaye a 2019. A 2020 Google ya yi shelar zai kawar da kuki na baƙo daga Chrome nan gaba, ya yi ta ɗage ranar, daga baya ya janye wannan shiri a 2024.

Ɗan lissafi zai nuna nauyin abin. A ɗauka mutum 500 suka latsa mahaɗin ɗalibin, 10 daga cikinsu suka sayi fitilar a kan naira 30,000, la'ada kuwa kashi 5 cikin 100 ce, wato naira 1,500 a kan kowace. Haƙƙinsa ya kama naira 15,000. Idan sawun mutum 4 ya ɓace, naira 9,000 zai gani. Babbar matsalar ita ce ba shi da yadda zai gane ko tallarsa ce ba ta yi armashi ba, ko kuwa shaida ce ta gaza, domin allon lissafin da kamfani ke nuna masa abin da aka kama kaɗai yake nunawa.

Rikicin Latsawar Ƙarshe

Idan mai saye ya bi ta hannun dillalai biyu ko uku kafin ya saya, wa za a ba la'ada? Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce a ba wanda aka latsa mahaɗinsa a ƙarshe, domin sabon kuki yakan hau kan tsoho ya shafe shi. Da a Dawanau ne, misalin haka shi ne dillali ya taro baƙo tun daga tasha, ya zaga da shi layi-layi, ya nuna masa bambancin farin wake da ja, sai ana dab da miƙa kuɗi wani ya fito daga lungu ya gaisa da baƙon, a ce la'ada tasa ce. Babu shugaban kasuwar da zai yanke irin wannan hukunci, amma na'ura tana yanke shi kullum, saboda shi ya fi sauƙin ƙirgawa. Akwai wasu ƙa'idojin, kamar ba wanda ya fara kawo baƙo, ko raba la'ada tsakanin duk waɗanda suka sa hannu, sai dai sun fi wuyar aiwatarwa.

Wannan ƙa'ida ta buɗe ƙofar wata zamba da ake kira cusa kuki, inda mayaudari ke saka lambarsa a na'urorin dubban mutane da ba su taɓa latsa mahaɗinsa ba, duk wanda ya sayi wani abu daga baya sai la'ada ta faɗo masa. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Shawn Hogan, wanda a da yake kan gaba a cikin dillalan kamfanin eBay, ya karɓi kimanin dala miliyan 28 na la'ada. Ya amsa laifin zamba a gaban kotu a Amurka, aka yanke masa ɗaurin wata 5 a shekarar 2014. A watan Disamba na 2024 kuma wata ƙura ta tashi a kan Honey, wata manhajar neman rangwame mallakar kamfanin PayPal, inda aka zarge ta da maye gurbin lambobin dillalai da tata a daidai lokacin biya. An shigar da ƙararraki a kotu, kamfanin ya ce ƙa'idojin sana'ar yake bi, har da ta latsawar ƙarshe. A watan Maris na 2025 Google ya tsaurara dokokinsa a kan irin waɗannan manhajoji. Darasin da ke ciki shi ne, idan manyan masu talla na Amurka da lauyoyinsu sun ɗauki shekaru ba su lura ba, ina ga yaron da ke talla daga Danguguwa ko Jalli?

Hujjar Masu Goyon Bayan Na'ura

Wani zai iya cewa na'ura ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba, ba ta karɓar na goro, ba ta kuma mantuwa da lissafi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ta hanyar waɗannan dabaru ne yaron da ba shi da ubangida a kasuwa yake iya yi wa kamfanin da bai taɓa gani ba dillanci, a kuma biya shi. Shaidar ido ba za ta iya ɗaukar ciniki tsakanin mutane miliyoyi da ba su san juna ba.

Sai dai na'ura abin da aka umarce ta take ƙirgawa, mai umarnin kuwa shi ne mai kaya ko kamfanin da mai kaya ke biya. Shi ya tsara wa'adin kuki, shi ya zaɓi ƙa'idar latsawar ƙarshe, shi ke tabbatar da ciniki ko ya soke shi, shi ne kuma la'ada za ta fita daga aljihunsa. Wanda ake bi bashi shi ne mai riƙe da littafi, kuma shi ne alƙali. Ba lalle ne ya yi ha'inci ba, amma tsarin da adalcinsa ya rataya ga kirkin ɓangare ɗaya bai cika ma'auni na biyu na shaidar kasuwa ba.

Haƙƙin Mai Saye

Akwai mutum na uku da ake yawan mantawa da shi, alhali a jikin wayarsa ake yin alamar. Fasahar da ke nuna cewa wane ya zo ta hannun wane, ita ce kuma ke iya nuna shafukan da ya shiga, da maganin da ya nema, da lokacin da yake kwanciya. Addini da al'ada duka sun hana bin diddigin asirin mutane. Doka ma ta shigo ciki. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta cewa kada a tattara bayanan mutum sai da dalilin da doka ta amince da shi, kamar yardarsa, kada kuma a ɗebi fiye da abin da ake buƙata. Tarayyar Turai ta soma aiki da tata dokar tun 2018. Har ila yau, mai saye yana da haƙƙin sanin cewa mai yaba masa haja yana da la'ada a ciki. A kasuwa kowa ya san dillali dillali ne. Matashin da ya tura wa 'yan uwansa mahaɗi yana nuna kamar shawara ce ta zumunci kawai, ya ɓoye abin da ya kamata ya bayyana.

Wajibi ne kuma a rarrabe dillanci da tsarin ka-kawo-wani-a-ba-ka. Su ma masu wannan tsari mahaɗi mai lamba suke rabawa, shi ya sa ake rikita su. Bambancin yana ga tushen kuɗin. A dillanci na gaskiya la'ada daga cinikin haja take fitowa. Inda kuwa babu hajar kirki, sai kuɗin rajistar sababbin shiga ake raba wa tsofaffi, to rushewa ce ƙarshensa, kamar yadda aka gani a MMM a watan Disamba na 2016 da CBEX a watan Afrilu na 2025, inda jama'a da dama suka tafka asara.

Abin da Ya Kamata a Yi

Idan aka ɗora hanyoyin shida a kan ma'aunan nan uku, za a ga lambar rangwame ita ta fi dacewa da yanayin karkarar Kano. Tana jure wa jinkiri har zuwa kaka, tana jure wa canjin waya, mai saye da kansa yake miƙa ta da saninsa, kuma dillali yana iya tambayar wanda ya tura ko ya yi amfani da ita. Rauninta shi ne tana iya yaɗuwa ga mutanen da dillalin bai taɓa yi wa magana ba, ko mai saye ya manta da ita. Saboda haka abin da ya fi shi ne a haɗa ta da saƙon uwar-garke, kowace ta toshe ɓarakar 'yar uwarta. Ɗaukar kamannin na'ura kuwa ya kamata a guje shi. 'Yan kasuwar Dawanau da na Kantin Kwari da ke ba matasa hotunan kaya su tallata a WhatsApp ba sa buƙatar wata babbar manhaja kafin su yi wannan gyara. Ya isa a ba kowane yaro lambarsa, a rubuta ta a kan rasiɗi, a kuma ba shi damar duba littafin a ƙarshen mako.

Shi kuma matashi, kafin ya yi rajista da kowane kamfani, ya nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce: Da wace hanya ake bin sawu? Wa'adin kwana nawa ne? Na farko ake ba la'ada ko na ƙarshe? A wane hali ake soke ta? Wa ake kai wa ƙara idan an sami saɓani? Ya kuma buɗe littafinsa na kansa, ya riƙa rubuta waɗanda ya tura da ranar da ya tura su. Kamfanin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, ko ya ce sai an biya kuɗi kafin a ji amsa, ya riga ya bayyana kansa.

Malaman kwamfuta da na kasuwanci da na lissafi a makarantun sakandare suna da babbar dama a nan. Malami yana iya nuna wa ɗalibai wutsiyar mahaɗi a kan allo su nemo lambar dillali, ya buɗe saitin burauza su ga jerin kuki da ke cikin waya ɗaya, sannan su warware lissafin la'ada irin wanda ya gabata. Yana kuma iya tura su su tambayi dillalan garinsu yadda ake raba gardama a kan baƙo, su dawo aji a kwatanta da ƙa'idar latsawar ƙarshe. Darasi ne da ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

Kammalawa

Dillanci sana'a ce da Bahaushe ya gada, ya kuma kai ta har Kumasi da Ibadan tun kafin a san kwamfuta. Shigarta intanet bai canja ainihinta ba, abin da ya canja shi ne shaida, wadda ta bar hannun jama'ar kasuwa ta koma cikin na'urar da ɓangare ɗaya ke sarrafawa. Matashin da ya san yadda mahaɗi da kuki da lambar rangwame suke aiki zai iya zaɓar wanda zai yi wa dillanci, ya nemi haƙƙinsa da hujja, ya kuma kiyaye amanar waɗanda suka saya saboda yarda da maganarsa. Wanda bai sani ba kuwa zai ƙare datarsa da lokacin karatunsa yana tara wa wani kasuwa, ranar biya a ce masa babu sunansa a littafi.